Shuka Furanni a Tsakar Gida da Yadda Za Mu Bi da Sanyin Hunturu a Ƙasar Kafancan

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara)



GABATARWA

Da farko muna godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ware mana lokaci a cikin wannan taro mai albarka. Mun sani sarai cewa da aka raba jerin abubuwan da za a tattauna, akwai waɗanda suka yi murmushi da suka ga maganar furanni a tsakanin maganar kuɗin makarantar yara da ta gyaran rijiyoyi. Wani ma yana iya cewa, ana ta kai wa yake ta kaya? To, muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku na ɗan lokaci.

Abu biyu ne suka sa muka zaɓi wannan magana. Na farko, duk wanda yake shiga gidajenmu a yau zai ga tsakar gida tana ƙarewa. Wanda ya sami kuɗi sai ya malale ta da siminti daga zaure har bakin banɗaki, wanda bai samu ba sai ya gina ɗakin haya a wurin. Da bazara simintin nan ya ɗauki zafi har tsakar dare ba a iya kwanciya, da damina kuma ruwan da ƙasa za ta shanye ya kwarara kan hanya yana cin gindin katangar maƙwabci. Na biyu, 'yan kaɗan daga cikinmu da suke da sha'awar shuka, musamman iyayenmu mata, sukan kashe kuɗinsu su sayo fulawa daga Jos ko Kaduna, amma kafin watan Fabrairu ya fita duk ta bushe. Daga nan sai mutum ya ce ai shi hannunsa ba ya karɓar shuka. Hannu ba shi da laifi. Abin da ya faru shi ne an shuka ba tare da an san halin sanyin wannan ƙasa ba, kuma a kan wannan ne jawabinmu zai tsaya.

FURE BA BAƘO BA NE A GIDAN BAHAUSHE

Kafin mu shiga maganar sanyi, bari mu kau da wani tunani da ya daɗe a zukatanmu, wai shuka fure aikin Bature ne ko na ɗan boko. Zoɓon da ake sha a gidan biki, daga ina ya fito? Kwanson da ke riƙe da furen yakuwa ne aka shanya. Kanumfarin da ake jefawa a cikinsa, shi ma fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba. Lallen da kakanninmu mata suke dasawa a bayan ɗaki yana da ƙananan furanni farare masu ƙanshin da yake cika gida da daddare. Ita kuwa jar fulawar nan mai faɗi da muke gani a harabar makarantu da asibitoci, danginta ɗaya da kuɓewa da rama da yakuwa da auduga. A dubi furen kuɓewa da safe a gwada, za a ga kamannin.

Saboda haka abin da muke kira gare shi tsohon abu ne da muka sani muka sake. Bambancin kawai shi ne yanzu an sami ƙarin iri daga wasu ƙasashe, kuma mu ma muna zaune a ƙasar da ta sha bamban da wadda iyayenmu suka baro.

ƘASAR DA MUKE ZAUNE A CIKINTA

Kamar yadda dattawanmu suka sani, hanyar jirgin ƙasa ce ta mayar da Kafancan babbar mahaɗa. A shekarar 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi ya haɗu a nan da na Kaduna da na Jos, kuma wannan ya jawo 'yan kasuwa da ma'aikata daga ko'ina. Da yawa daga cikin iyayenmu daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato suka zo, kuma da dabarun noman can suka zo.

To amma nan ba Kano ba ce. A nan ruwa yakan fara tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma abin da yake zuba a shekara ya kusa ninka na Kano sau 2. Yawan ruwan nan yana wanke abincin shuka daga cikin jar ƙasarmu, ya bar ta da tsami. Wannan ya sa takin gargajiya da 'yar toka suke da muhimmanci a wurinmu ƙwarai.

Haka nan kuma, nan ba Jos ba ce. Garin Jos yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, Kafancan kuwa ta ɗara mita 700 da kaɗan. Masana yanayi sun nuna cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6 a ma'aunin salshiyas. Ke nan tsakaninmu da Jos akwai tazarar kimanin digiri 3. A jikin mutum wannan ba wani abu ba ne, amma a wurin shuka babban abu ne. Shi ya sa dankalin Turawa da kabeji suke jin daɗin Vom da Bukur, mu kuma ƙasarmu ta yi suna da citta a Kaciya da Kwoi da Kagarko. Duk fulawar da aka reno a cikin sanyin Jos, in aka sauko da ita ta hanyar Kagoro, to ta yi hijira ne, kuma tana bukatar a lallaɓa ta kamar baƙo.

WANE IRIN SANYI NE NAMU?

A ƙasashe kamar Ingila da Kanada, abin da mai lambu yake tsoro shi ne ƙanƙara. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0, ruwan da ke cikin ganye sai ya daskare ya farfasa shi, gari ya waye shuka ta yi baƙi. Don haka suke tono saiwar wasu furanni su ɓoye a ɗaki har sanyi ya wuce, suke gina ɗakunan gilashi, suke jiran watan Mayu kafin su fitar da dashe waje. Yawancin littattafan lambu da hotunan da yaranmu suke gani a waya don irin wannan sanyi aka yi su.

Namu sanyin na hunturu ne. Iska ce take tasowa daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, tana ɗauke da ƙurar da galibinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu dare yakan yi sanyi har mutum ya nemi bargo da wuta, amma ruwa ba ya daskarewa a randa. Abin da yake kashe shuka a wannan lokaci shi ne bushewar iskar. Yadda take fasa mana leɓe da dunduniya, haka take zuƙe ruwan ganye fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa. Ga kuma ƙura da take rufe fuskar ganye. Sannan da rana ta take sai zafi ya dawo, shuka ta kwana cikin sanyi ta wuni cikin zafi.

Amma fa hunturu yana da alherinsa. Ku dubi daji a lokacin da maƙwabtanmu na Kagoro suke bikin Afan a ranar 1 ga Janairu. Gurjiya ta zubar da ganye ta cika da jan fure, minjirya haka, mangwaro ya yi fure har ƙudan zuma suna kuka a kansa. Sanyin dare da hasken rana su ne suke sa launin fure ya fito sosai, kuma cututtukan da danshi yake kawowa sukan ragu. Wanda ya iya tare iska ya kuma tsare ruwa, to hunturu ne lokacin da gidansa zai fi kyau a duk shekara.

ABIN DA ZA MU SHUKA

Akwai waɗanda ba sa ba da wahala, kuma da su ya kamata kowa ya fara. Lalle, wanda reshe kawai ake yanka a kafa da farkon damina. Fulawar nan mai ƙaya mai kama da takarda da ake kira boganbiliya, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ita in an cika mata ruwa sai ta yi ta ganye, in an ɗan ja mata ƙishi sai ta rufe katanga da ja. Marigol, mai furen rawaya da ɗan wari, da ziniya mai launi iri-iri, dukansu daga iri ake shuka su, cikin wata 2 sun fara fure, kuma ana iya tara irinsu don baɗi. A haɗa da yakuwa da ɗoɗɗoya da na'ana'a da ciyawar shayi, ga ado ga amfanin tukunya.

Akwai kuma masu son kulawa. Wardi, wato ros, yana yi a nan in ya sami rana ta aƙalla awa 6 a yini, da taki, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Daliya, mai saiwa kamar dankali, 'yar tsaunukan Meziko ce, ta fi jin daɗin Jos, a nan sai a gwada ta inda ranar yamma ba ta dukanta.

Sai kuma waɗanda bai kamata mu ɓata kuɗinmu a kansu ba. Misali tulif, wadda ƙasar Holan ta shahara da ita. Albasarta tana bukatar ta yi wajen wata 3 a cikin ƙasa mai sanyin da bai kai digiri 10 ba dare da rana kafin ta yi fure. Ba mu da wannan, Jos ma ba ta da shi. Idan ɗan'uwa ya dawo daga Turai da tsarabarta, a karɓa a yi godiya, amma kada a sa rai.

AIKIN SHEKARA

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Furen da za a gani a Janairu, tun Afrilu ake fara aikinsa. Ga yadda muke ganin ya dace a tsara shi:

1. Afrilu zuwa Yuni. Lokacin dashe ke nan. A yanki reshe mai tsawon taƙi guda daga itacen da yake da lafiya, a cire ganyen ƙasa, a soka shi a ledar fiya wata da aka cika da ƙasa da yashi aka huda gindinta, a ajiye a inuwa. In ya fito da sabon ganye sai a mayar da shi gurbinsa. Wanda ya sayo dashe daga Jos, yanzu ne lokacin saye, ba a tsakiyar hunturu ba, kuma ya bar shi a inuwa kamar mako guda kafin ya dasa. Dangane da taki, kashin shanu ko na kaji sai ya yi wata 2 zuwa 3 a jibge ya ruɓe tukuna. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi.

2. Yuli zuwa Satumba. Yanzu ruwa ne abokin gaba. A lokacin marka saiwa takan ruɓe in ruwa ya kwanta, ganyen wardi kuma ya yi baƙaƙen ɗigo ya zube. Maganinsa a ɗaga kunya sama, a fitar wa ruwa hanya, a tsince ganyen da ya kamu a ƙone. Duk mun ga abin da ya sami manoman citta a shekarar 2023, lokacin da cutar ruɓa ta cinye gonaki masu yawa a kudancin Kaduna, mutane suka yi asarar jarinsu. Irin waɗannan cututtuka danshi suke bi, kuma sukan yi tafiya a jikin iri da ƙasa. Darasin ɗaya ne ga babbar gona da ɗan lambun tsakar gida: kada a karɓi dashen da ba shi da lafiya ko da kyauta ne.

3. Oktoba da Nuwamba. Wannan shi ne lokaci mafi muhimmanci. Da ruwa ya fara ɗaukewa sai a rage rassan wardi da wuƙa mai kaifi, a ƙara masa taki, cikin wata 2 zai yi sabon fure. A shuka marigol da ziniya don su tarar da hunturu da ƙarfinsu. A kafa zana ko danga ta wajen arewa maso gabas don tare iska. A kuma lura cewa a watannin sanyi rana takan karkata kudu, saboda haka gefen katangar da ke fuskantar kudu ya fi samun rana, ginin kuma yakan riƙe ɗumi ya sake shi da dare. Nan ne wurin ajiye tukwanen shuka masu rauni.

4. Disamba zuwa Fabrairu. A nan sai mu yi koyi da maƙwabtanmu manoman citta, waɗanda suke lulluɓe gona da ganye da ciyawa bayan shuka don ƙasa ta riƙe danshi. A lulluɓe gindin kowace shuka da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa mai kaurin yatsu 3, amma kada ya taɓa jikin itacen, saboda gara. Wajen ban ruwa, gara a ba da mai yawa sau 2 ko 3 a mako da a riƙa yayyafi kullum, domin yayyafi saiwa yake jawowa sama, iska ta busar da ita. A riƙa ɗauraye ƙurar ganye da safe sau ɗaya a mako. Inda ruwa yake wuya, a binne tsohon tulun ƙasa har wuya kusa da shuka, a cika shi a rufe bakinsa, zai riƙa tsatsa a hankali. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ma kada a zubar a banza, sai dai mai omo da yawa a kauce masa.

5. Maris. Zafi ya dawo, rijiyoyi sun ja baya. A yi wa masu rauni rumfa, a tara irin da ya bushe a kwalba, a fara jibge takin baɗi.

Idan darɓa ko wasu ƙananan ƙwari suka sauka a kan toho, ba sai an nemi maganin kanti mai ƙarfi ba a gidan da yara suke wasa kaji suke kiwo. A daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi guda, a jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace a fesa da yamma.

HATTARA DAI

Wajibi ne mu faɗi wannan, domin kada gyaran gira ya jawo tsiyayar ido. Na ɗaya, sauro. Gwangwani da tsohuwar taya da farantin da ake sa wa tukunyar shuka a ƙasa, in ruwa ya kwanta a ciki, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro ya zama sauro. A huda duk abin da aka shuka a ciki, a riƙa zubar da ruwan da ya taru duk mako. Na biyu, guba. Zaƙami da kariya da bini da zugu duk suna da kyan gani, amma suna da dafi, kada a dasa su inda ƙananan yara suke kaiwa. Na uku, a riƙa share ƙarƙashin shinge saboda maciji da kunama. Na huɗu kuwa, awaki. Wanda zai shuka ya yi shinge, mai akuya kuma ya ɗaure abarsa, kada fulawa ta zama sanadin faɗa tsakanin maƙwabta.

AKWAI KUƊI A CIKI?

Akwai. A ƙasar Kenya, a kewayen tafkin Naibasha mai bisan kimanin mita 1,900, ana noman wardi ana loda shi a jirgin sama zuwa kasuwannin Turai, musamman Holan, kuma dubban mutane da shi suke ci. Habasha ma ta bi sahu. A nan gida kuma, zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina har Meziko ake kai shi. Ba mu ce tsakar gidanmu za ta yi gasa da waɗannan ba. Amma ku tsaya a gefen manyan titunan Kaduna ko Abuja ku tambayi kuɗin dashe guda a leda, sannan ku tuna cewa reshe ne da ƙasa da haƙurin wata 3. Matar aure tana iya yin wannan ba ta fita ko'ina ba. Saurayin da yake zaman jiran aiki yana iya yin sa da jarin da bai kai na waya ba. Makarantu da otal-otal da masu sababbin gidaje duk masu saye ne.

KAMMALAWA

Jama'a, mai wucewa ba ya dasa itace. Da yawanmu a nan aka haife mu, a nan aka haifi 'ya'yanmu, saboda haka ya kamata gidajenmu su nuna cewa na masu zama ne. Bisa ga haka muna gabatar wa wannan taro shawarwari kamar haka:

Na farko, duk wanda zai malale tsakar gida da siminti ya bar ko da taku 3 ne na ƙasa.

Na biyu, ɓangaren mata ya sa rana guda a farkon damina don musayar reshe da iri kyauta, a kuma gayyaci maƙwabtanmu Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da sauransu, domin sun riga mu sanin halin wannan ƙasa, kuma akwai abin da za su ɗauka a wurinmu.

Na uku, shugabanni su nemi wani malami daga tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan Kafancan ya zo ya nuna wa matasanmu yadda ake renon dashe, domin gani ya kori ji.

Na huɗu, kowace makarantar da ƙungiya take tallafa wa ta ba kowane aji kunya guda ya kula da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna fata in Allah ya kai mu taron baɗi, furen da za a ƙawata teburin shugaban taro da shi daga gidajenmu za a tsinko shi.  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.